Ranar da Ikram Ta Ce Ta Warke

Alhaji Ashafa ya ɗauke allurar Ikram ranar wata Asabar bayan la'asar, a gaban kowa. Bai ɓoye ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya tsuguna a gindin randar da ke ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya tone jiƙaƙƙen yashin da ake binne robar maganin a ciki don kada zafi ya lalata shi, ya karkaɗe ta, ya zura a aljihu.

"Ta bayan magariba kaɗai za a riƙa yi mata, kuma ni zan riƙa kawowa da hannuna," in ji shi. "Ta safe da ta rana an daina. Ga madadinsu."

Ya dire wata jarka a kan tabarma. Abin da ke ciki baƙi ne, yana warin saiwa da ɓawon itace.

Ikram shekararta goma sha biyu. Bara aka gano tana da ciwon suga irin na yara, wanda jiki ke daina samar da insulin, sai dai a riƙa ba shi ta allura kowace rana. Alhaji Ashafa wan mahaifinta ne, shi ne babba a gidan nasu na Koki, kuma yana da rumfar maganin gargajiya a Jakara, inda dattawa masu suga ke yin layi tun hantsi. Wasunsu suna cewa sun ji sauƙi. Alhaji bai taɓa shakkar maganinsa ba.

Gayyata ce ta tayar da maganar. Asibitin da ke duba yara masu irin ciwon Ikram ya zaɓi wasu daga cikinsu su je gaban wani kwamitin 'yan majalisa a ƙarshen wata, su nemi a tallafa wa bincike a kan ciwon. Ikram tana ciki, domin ba ta tsoron magana a gaban manya. An ce 'yan jarida za su zo.

"Bincike suke nema, ga bincike a cikin gida," Alhaji ya ce wa mahaifiyarsa, Hajiya 'Yardada. "Tun da na fara ba ta cokali guda da safe, likitan da kansa bai rage mata allura ba? Ya rage. To ni zan ƙarasa. Ranar nan ta tsaya a gabansu ta ce ta warke, su san akwai masu ilimi a ƙasar nan. Ba zai yiwu ina sayar da maganin suga, a nuna 'yar gidana a talabijin tana soka wa kanta allura ba."

"Baba Alhaji, Sistar asibiti ta ce ragewar ta ɗan lokaci ce," in ji Ikram. "Ta ce kada a taɓa dainawa."

"Sista ce ta haife ki?" Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Sha, Allah ya sa albarka."

Ta sha, ta yamutsa fuska, Hajiya ta miƙa mata ruwa ta kora.

Wadda ta haife ta tana bakin madafa tana tankaɗen gari. Ta ji komai, ba ta ɗago kai ba.

Sunanta Hadiza, matar Muttaka, ƙanin Alhaji. Ikram ce 'yar farinta. Tun ranar yaye aka ɗauke ta aka kai ɗakin Hajiya, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari a gidan. Hadiza ba ta kiran sunanta. "Yarinyar nan" take cewa, ko "'yar Hajiya". Ba ta yi mata kitso a tsakar gida, ba ta tambayar abin da ta ci. Ita kuma Ikram Anti take ce mata. A gidan ana yabon Hadiza da wannan, ana cewa matar Muttaka akwai kara.

Washegari ta kai wa mijinta koko a shagonsa na ɗinki da ke jikin zaure. Ta ajiye, ba ta fita ba.

"Malam, maganar allurar yarinyar nan."

"Yaya ya fi ni sanin magani, Hajiya ta fi ki sanin yarinyar," in ji Muttaka, idonsa a kan zare. "Ni me zan je in ce? In ce masa ban yarda da shi ba? Mutumin da ya yi ta sintiri a asibiti lokacin da ta kwanta?"

"Ka ce a bari sai an tambayi likita."

"Gwaji ne na ɗan lokaci. In bai yi ba a koma. Allurar ba guduwa za ta yi ba."

Ya taka keke. Ƙarar ta rufe sauran maganar.

Da ruwa aka fara lura. Ikram ta koma zama kusa da randa. Takan shanye moɗa a tsaye, ta ƙara, ta yi taku kaɗan ta dawo.

"Ke ƙawata, rijiya za mu haƙa miki ne?" Hajiya ta tsokane ta. "'Yan garuwa sun yi kasuwa da mu."

Ikram ta yi murmushi, ta sake cika moɗar.

Bayan ruwa sai fitsari. Kowace safiya akan ga zanin shimfiɗarta a kan igiya, tabarmarta a jingine da katanga. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance tun ba ta shiga makaranta ba, ta koma fitowa kanta a ƙasa. Wata safiya Alhaji ya kira mutanen gidan bakin makwarara, ya nuna musu kiyashi sun yi baƙi a inda ta zubar da fo.

"Kun gani da idonku. Sugan ne yake fita. Allura danne shi take yi a ciki, nawa kuwa koro shi yake yi waje."

Hajiya ta ce Allahu akbar. Muttaka ya gyaɗa kai, ya koma shago.

Ikram tana da 'yar na'urar da take gwada jininta da ita. Ta gwada a ɓoye, ta ga lambar tana hawa kullum. Ranar da ta kai wa Alhaji ta nuna masa, ya karɓa ya juya ta a hannunsa.

"Wannan ita take sa miki ciwo a rai. Mutum yana samun sauƙi, ƙarfe yana ce masa bai samu ba."

Na'urar ta bi allurar zuwa aljihunsa.

A makaranta malamar ajinsu ta gaji da ba ta izinin fita, ta ce ta zauna a gida sai ta warware. Kafin nan wandon makarantarta ya fara zamewa. Muttaka da kansa ya rage mata. Ya zagaya tef a ƙugunta, ya duba, ya sake zagayawa, ya daɗe yana kallon wurin da yatsansa ya tsaya.

"Tsawo kike yi," ya ce.

Ranar zuwa asibiti ta zo, Alhaji ya ce babu buƙata. Sista Maryam, nas ɗin da ke kula da yaran kuma take shirya tafiyarsu majalisa, ta kira waya. Lambar Alhaji ce a wurinsu, domin shi ne babban gida. Ya amsa a tsakar gida, da fara'a.

"Lafiyarta ƙalau, Malama. Tana ta shirin jawabinta. Kada ki damu da mota, ni zan kawo ta da kaina."

Jawabin da aka shirya da ita a asibiti gajere ne. Za ta gaya wa 'yan majalisa yadda ake binne insulin a yashi a gidan da wuta ba ta zama, ta roƙi a tallafa wa masu bincike su gano yawan yaran da ke da ciwon, da yadda za a sauƙaƙa musu magani. Alhaji ya sauya shi. Kowace yamma yakan zaunar da ita a zaure.

"Sunana Ikram Muttaka. Na yi ciwon suga. Yanzu na daina allura, na warke da maganin gida. Maimaita."

Da farko takan ce, "Amma Baba Alhaji," ya ɗaga mata hannu. Daga baya ta daina cewa amma. Magana ta fara yi mata nauyi, kuma wanda ya maimaita da wuri ana sallamarsa ya je ya sha ruwa.

Wata rana da azahar ta shigo madafa, ta jingina da bango. Hadiza tana tuƙin tuwo, su biyu ne kawai.

"Anti, cikina yana ciwo. Kuma dishi-dishi nake gani."

Hadiza ta ci gaba da tuƙi.

"Anti, ki ce masa mana."

Muciyar ta tsaya. Hadiza ta dubi ƙofa. Labulen ɗakin Hajiya a ɗage yake, ana hango ƙafafunta a kan darduma.

"Je ki gaya wa Hajiya," ta ce a hankali.

Ikram ta dube ta, ba da fushi ba. Ta juya ta fita tana dafa bango.

Bayan la'asar Hadiza ta shiga ɗakin surukarta, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta gaishe ta, ba ta tashi ba.

"Akwai magana ne?"

"Hajiya, 'yar taki ce na ga ta rame."

"Ina da ido."

"Na ce ko da za a mayar mata da allurar, ko zuwa bayan taron."

Hajiya ta ajiye carbi.

"Hadiza. Yau ke ce kike maganar 'yar fari a gabana? Tun ranar yaye take hannuna. Kina nufin ina zaune ɗana zai cutar da jikata? Ni lokacin da shi wannan babban ya yi ƙyanda, har an fara cewa ba zai tashi ba, ban leƙa ɗakin da yake ba sai da surukata ta ce in leƙa. Ga shi nan da jikokinsa. Ke ba haka na san ki ba. Kada ki bari a ji wannan a waje."

"Allah ya huci zuciyarki, Hajiya."

Ta tashi ta fita. Ta wuce Ikram a kwance a inuwar katanga, leɓunanta sun bushe sun tsage. Ta rage tafiya, amma ba ta tsaya ba.

Ana saura 'yan kwanaki taron, magariba ta yi, Alhaji ya shigo hannu rabbana. Ikram ta riga ta naɗe hannun rigarta tana jira.

"Daga yau ita ma an daina," ya ce. "Ba zan sa yarinya ta yi ƙarya a gaban hukuma ba. In za ta ce ta daina allura, to ya zama ta daina ɗin."

Muttaka yana tsaye da buta a hannu. Ya buɗe baki, Alhaji ya dube shi, ya ce an tayar da salla. Suka fita tare.

Jajibirin taron Ikram ta wuni tana amai. Alhaji ya ce dattin ƙarshe ne, ya ƙara mata yawan jiƙon. Da ya fita, Hajiya ta ga jikarta ta yi laushi, ko zama ba ta iya yi sosai. Sai ta tuna abin da aka gaya mata a asibiti bara: in yarinya ta yi laushi, a yi maza a ba ta abu mai zaƙi. Ba ta riƙe cewa wannan na wanda allura ta yi wa yawa ba ne. Ta jefa ƙwayoyin sukari a kofi, ta dama.

"Hajiya, ba wannan ba ne," in ji Ikram. "Sai an gwada tukuna."

"Ni aka gaya wa, da kunnena na ji. Sha, kada ki ba ni kunya gobe."

Ƙishirwa ta fi ƙarfinta. Ta shanye.

Da safe Hajiya ta yi mata wanka a zaune, ta shafa mata hoda, ta ja mata kwalli don idanun su fito. Hadiza ta goge farin hijabi, ta aika da shi ta hannun wani yaro. Lokacin da za su fita tana bayan ƙyauren ɗakinta. Ba ta ga fuskar ba, numfashin ta ji: dogo, mai zurfi, yana fita da sauti, kamar na wanda ya hau Dala a guje. Alhaji yana gaba cikin farar babbar riga, da kwalbar maganinsa a jaka. Ya riƙe hannun yarinyar har bakin adaidaita.

Sun isa an riga an zauna. Zauren kwamitin yana da dogon teburi, 'yan majalisa a gefe ɗaya, yara a gefe ɗaya, iyaye da 'yan jarida a baya. Sista Maryam tana can ƙarshen teburin. Ta hango Ikram, fuskarta ta sauya, ta yunƙura za ta taso, sai shugaban kwamitin ya shigo, kowa ya miƙe, aka buɗe da addu'a.

An zaunar da Ikram kusa da Shamsiyya, wata yarinya da ta ɗan girme ta, wadda suke haɗuwa a layin asibiti.

"Ke, me ya same ki?" Shamsiyya ta raɗa mata. "Bakinki yana warin ruɓaɓɓen mangwaro. Yaushe rabonki da allura?"

Idon Ikram yana kan robar ruwan da ke gabanta.

Yaran suka fara magana ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro mai suna Mikail ya ce an taɓa korarsa daga makaranta saboda an ga sirinji a jakarsa, aka ce ɗan ƙwaya ne. Wata ta ce sai da aka yi mata maganin zazzaɓi da na aljanu kafin wani ya yi tunanin gwada jininta. 'Yan majalisar suna saurare, wasu suna rubutu.

Aka kira Ikram Muttaka.

Ta miƙe ta dafa teburi da hannu biyu. Aka matso mata da abin magana, numfashinta ya cika lasifika.

"Sunana Ikram Muttaka." Ta tsaya. "Na yi ciwon suga." Ta sake tsayawa. "Yanzu na daina allura. Na warke da maganin gida."

Wasu daga baya suka yi tafi. Wani ɗan majalisa ya cire tabarau, ya sunkuyo.

"Masha Allah. Ashe akwai magani a gida? Wane ne ya haɗa shi?"

Alhaji Ashafa ya miƙe, ya gyara riga, ya ɗaga kwalbar yadda masu ɗaukar hoto za su gani. Ya fara da sallama da sunan rumfarsa.

Sista Maryam ta riga ta taso tana ratsa kujeru, amma Shamsiyya ta fi ta kusa. Ta kamo yatsan Ikram, ta soka, ta ɗiga jinin a kan na'urarta. Ikram ko motsi ba ta yi ba. Na'urar ba ta nuna lamba ba, sai alamar da take nunawa idan abin ya wuce iyakar awonta. Shamsiyya ta jawo abin maganar gabanta.

"Ranka ya daɗe, ba ta warke ba."

Alhaji ya sauke kwalbar.

"Yarinya, ba da ke ake ba," in ji Alhaji.

"Ku ji numfashinta," in ji Shamsiyya. Ba ta saki abin maganar ba. "Mu duk mun san shi. Haka Nazeer ya riƙa yi kafin ya rasu, da tare za mu zo da shi yau. Wannan ciwon ba a warkewa tukuna, ranka ya daɗe. Shi ya sa muka zo."

Ikram ta nemi kujerarta da hannu, ba ta same ta ba. Sista Maryam ta tare ta kafin kanta ya kai ƙasa.

A sashen gaggawa na yara an sa mata ruwa hannu biyu. Ba ta san wanda ke kanta ba. Mutanen gidan suka iso ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a baranda: Alhaji, Muttaka, Hajiya a kan benci, Hadiza can baya da goyo. Wata likita ta fito, ta tambayi yaushe aka yi wa yarinyar allura ta ƙarshe.

"An ɗan samu mantuwa ne, likita," in ji Muttaka.

"Sanyin zauren nan ne ya buge ta," in ji Alhaji. "Ga kuma allurar da aka daɗe ana ɗura mata, ta riga ta raunana jikin."

"Baki ne," in ji Hajiya. "Yarinya ƙarama a tsayar da ita gaban jama'a, kowa ya zuba mata ido."

Likitar ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce mahaifiyarta?"

"Ai ni nake riƙon..." Hajiya ta fara.

"Ni ce."

Kowa ya juya. Hadiza ba ta matso ba, daga inda take ta yi maganar, kuma har masu jinya na ɗakin gaba sun ji.

"Ni na haife ta. Ba mantuwa ba ce. Ɗauke mata aka yi, ta safe da ta rana tun farkon wata, ta dare a makon nan. Jiya an ba ta sukari. Ina tsaye aka yi komai."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki. Muttaka ya dubi takalminsa. Likitar ta ce wa Hadiza ta biyo ta ciki.

Ikram ta daɗe ba ta farfaɗo ba, amma ta farfaɗo. Likitoci sun ce za su ci gaba da duba ƙodarta, ba su yi alkawarin komai ba. A labaran yamma an ce yara masu ciwon suga sun gabatar da buƙatunsu, kwamiti ya yi alkawarin dubawa, kuma wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi a wurin. Ba a faɗi dalili ba. Layin rumfar Jakara bai ragu ba.

Ranar sallama Hadiza ta karɓi maganin da sabuwar na'ura a hannunta. Ba ta koma Koki ba. Ta tsayar da adaidaita ta ce Ƙofar Nassarawa, gidan iyayenta. Ta tafi da Ikram da jaririn da ke bayanta. Ɗanta na biyu, Mustafa, mai shekara bakwai, yana Koki, kuma Hajiya ta ce ba inda za shi.

A gidan Koki an yi ta magana, 'yan uwa suna zuwa jaje daga unguwanni. Abin da ake jajantawa shi ne matar Muttaka ta tsaya a bainar jama'a, a gaban uwar mijinta, ta ce ita ta haifi 'yar fari, ta kuma ƙaryata wan mijinta. Wata gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa jin irin wannan fitsara ba. Wani kawu ya ce boko ne. Ba wanda ya tambayi inda robar allurar take.

Bayan an kwana biyu Muttaka ya je Ƙofar Nassarawa da yamma. Hadiza ta same shi a zaure, ta shimfiɗa masa tabarma, ta zauna daga nesa. Ya tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi. Ya daɗe yana murza hularsa.

"An zauna," ya ce. "Yaya ya ce ya yafe. Hajiya ma ta huce, sai dai ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri. Ki dawo ɗakinki, yarinya ta koma wurinta."

"Allurar fa?"

"Wannan za a duba. Shi dai Yaya cewa ya yi maganin bai gaza ba, katse shi aka yi ana gab da gamawa."

Daga cikin gida ana jin muryar Ikram tana yi wa jaririn wasa.

"Mustafa fa, yana lafiya?" in ji Hadiza.

"Lafiya lau. Yana ta tambayarki." Muttaka ya gyara zama. "Sai dai kwanan nan ya cika shan ruwa, har ya ɗan koma fitsarin kwance. Hajiya ta ce kewa ce. Amma kada ki damu, Yaya ya lura da wuri. Ya ce wannan karon ba za a bari asibiti su fara ɓata shi da allura ba. Tun shekaranjiya aka fara ba shi jiƙon."

Hadiza ta miƙe. Ta shiga ciki, ba ta daɗe ba ta fito da hijabi, na'urar gwajin a hannunta, ba a jaka ba.

"Ina za ki? Ai sai gobe aka ce, in Yaya ya dawo daga kasuwa a zauna a..."

Ta riga ta fita daga zauren. Muttaka ya tsaya neman takalminsa ɗaya. Kafin ya same shi, ta kai bakin titi tana ɗaga wa adaidaita hannu.